Na Kai Geron Kakanmu Gidan Giya

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai moto, wato babur, da yawan surutu, ɗan wani ƙauye a ƙasar Falanko, cikin yankin Damargu. Na ɗan taɓa lakwal, makarantar boko, na bari, daga baya na samu aikin gyaran famfunan ƙauyuka. Aikin ya sa babu inda ban taka ba tsakanin Tanout da Gangara da Belbeji, ya kuma sa na riƙa ganin kaina wayayye, ina kallon 'yan uwana da suka tsaya kan hauya kamar waɗanda mota ta bari a tasha. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. So nake in sauke abin daga ƙirjina, ko wani ya karanta ya tsaya inda ni ban tsaya ba.

Direban da ke ɗaukar mana kayan aiki shi ya fara kai ni gidan burkutu. Wanda bai sani ba zai rantse babu irin wannan a Damargu, amma akwai, a bayan gari, cikin gidajen da ba su da wata alama sai hayaƙi da ƙanshin tsiro. Ni ban taɓa zama mashayin da ke faɗuwa a kwata ba, kuma da wannan na daɗe ina yaudarar kaina. Abin da nake taƙama da shi harshe ne. Kurɓa ɗaya in gaya maka wannan dahuwar ta Gangara ce saboda tsaminta, wannan ta Belbeji ce saboda ƙaurin itacen da mai dafawar ke hurawa, wannan kuma an yi gaggawar sauke ta. Duk inda aka buɗe sabuwar tukunya sai an kira ni a waya, in tayar da moto in ƙetare daji kamar an ce famfon gari ya lalace. Har suna suka sa mini, wai alƙali, kuma ba a miƙa wa kowa ƙoƙo sai na kurɓa na yanke hukunci. A gidanmu ni ƙaramin ɗa ne da ba a tambayar ra'ayinsa ko a kan akuya, can kuwa manyan mutane da furfura su yi shiru suna kallon bakina. Wallahi ba giyar ce ta kama ni ba kamar wannan shirun.

Gidanmu akwai wani gero da muke kira na kaka. Mahaifin babana ne ya yi ta zaɓensa shekara da shekaru har ya zama namu. Ba shi da tsawo, zangarniyarsa gajera ce mai kauri, ƙwayarsa kuma ta ɗan yi duhu. Baƙo ya gan shi a gona zai raina shi. Amma shi ya san ruwan Damargu, ya san ba a jiransa: kafin na mutane ya yi ciki namu ya fid da kai, kafin sama ta ɗauke ya gama cika. Mu ne muke fara gasa tumu a ƙauyen, yara su yi ta leƙen gidanmu. Furarsa kuwa, in Inna ta dama ta da nonon Fulani, tana da wani ƙanshi kamar na ƙasa da aka yi wa ruwan farko. Kowace kaka Baba da kansa yake bin dami yana zaro zangarniyar iri, ba ya yarda kowa ya taya shi. A sussuka masa daban, ya cuɗa da toka, ya zuba cikin wani tsohon tulu, ya liƙe bakin da laka, ya ajiye a ɗakinsa bayan gado. Muna yara muna yi masa tsiya a ɓoye, muna cewa ya fi son tulun nan da mu.

Akwai wata mata a bayan garin Tanout, mutuniyar kudu ce, ta fi duk sauran masu dafa burkutu iya hannu. Da dawa take dafawa. Wata rana ina cikin cika baki na ce mata duk gwanintarta ba ta san hatsi ba tunda ba ta taɓa jiƙa geron gidanmu ba. Ta yi dariya ta ce na gero ruwa-ruwa ne, ba ya riƙe ciki, amma in na isa in kawo. Sai na ɗebo kaɗan daga rumbu na kai mata, ta yi 'yar ƙaramar tukunya. Ranar da aka buɗe ta babu wanda ya yi gardama. Direban nan ya ajiye ƙoƙo ya dube ni ya ce ashe da gaske nake. Labari ya bi gidajen nan duka, har daga Belbeji wasu suka riƙa tambaya yaushe za a sake ta alƙali. Na koma gida ranar ina jin kamar an naɗa mini rawani.

Abin da ya biyo baya shi ne bazara. Daminar da ta wuce ba ta yi auki ba, rumbunmu ya ƙare da wuri, muka koma cin awo kamar kowa. Su kuma abokan ƙoƙo ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce ko dai sa'a ce ta farko, wancan ya ce alƙali ya ji tsoron maimaici. Na yi ta cewa ana nan ana shiri, alhali na san babu sauran na kaka ko'ina sai cikin tulun. Wata Juma'a aka yi suna a ƙauyen da ke kusa da mu, gida ya watse gaba ɗaya, na ce kaina ke ciwo na zauna. Da rana tsaka na shiga ɗakin Baba na fasa lakar. Niyyata in ɗebi rabi, sai na tuna matar ta ce wannan karon babbar tukunya za ta ɗora. Na juye shi duka cikin buhu. Na ɗauko geron da na sayo a kasuwa ban ko tambayi daga ina ya fito ba, na cuɗa da toka na cika tulun, na kwaɓa laka na shafe bakin sumul. Abin da na gaya wa zuciyata shi ne ai gero gero ne. Ni, da nake bambance itacen da aka hura wa tukunya, ni ne na ce gero gero ne.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗin ji ba: ban taɓa shan abin da ya kai wannan tukunya ba. Matar ta ce tunda take jiƙa hatsi ba ta ga wanda ya tsira gaba ɗaya haka ba, kamar an kira su sun amsa. Aka cika gidan, aka miƙo mini ƙoƙon farko, na kurɓa na ji ƙanshin furar Inna ya taso ta ƙarƙashin tsamin. Amma mutane na jiran hukunci, sai na ɗaga ƙoƙon na ce ba a taɓa yi ba. Aka yi shewa. Kafin la'asar an kankare tukunya.

Da ruwan shuka ya sauka Baba ya buɗe tulu ya sa hannu, ya murza ƙwayar tsakanin yatsunsa. Idonsa ya riga ya yi rauni, toka kuma ta rufe launin. Ya ce ya ji ta rame, amma ai bara ba ta sha ruwa ba. Ina tsaye da sungumi a kafaɗa, na bar shi a kan haka. Muka shuka, ya tsira, ya yi kyau har ya fi kyau, ya yi ta tsawo yana ganye shar. Ni har na fara murna ina cewa na tsira. Baba ne ya daina barci. Kullum da safe ya tafi gona ya tsaya yana shafa kara, ya dawo. Lokacin tumu ya zo ya wuce gidanmu babu hayaƙi, yaran unguwa suka leƙo suka koma. Ashe geron kudu na zuba, mai dogon kwana, wanda ya saba da ruwan da ba mu da shi. Yana fara fid da kai sama ta ɗauke. Muka girbe kara da ƙaiƙayi.

Abin da ya fi yunwar shekarar ciwo shi ne Baba ya ɗora wa kansa laifin. Ya tara mu ya ce tsufa ya kama shi, da alama ya haɗa damin iri da wani bai sani ba, mu yafe masa, ya zubar da amanar mahaifinsa. Tsoho na ba mu haƙuri, ni ina zaune ina kallon ƙasa. Inna ce ta tare ni bayan gida washegari. Ta ce ita tun bazara ta ga bakin tulun, mahaifina kullum da tafin hannu yake danna laka har shatin yatsunsa ya fito, wannan kuwa an shafe ta kamar aikin mai gyaran famfo. Ta ce ta yi shiru ne tana zaton kaɗan na ɗiba na sayar, ba ta san na kwashe ba. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi in ina da sauran kunya kada in bar tsohon nan ya shiga kabari yana zargin kansa.

Na same shi a gindin rumbu yana gyaran igiya, na durƙusa na faɗa masa komai, har inda na kai geron da abin da aka yi da shi. Na shirya wa mari, na shirya wa kora, har na shirya wa baki. Ya daɗe yana murza igiyar. Da ya buɗe baki sai ya tambaye ni abu ɗaya, wai da matar ta jiƙa shi, ya tsira da kyau? Na ce masa ƙwarai, ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi ba. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, haka yake. Ya ci gaba da igiyarsa. Har ya bar duniya bai ƙara tayar da maganar ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar na hau moto na tafi Tanout wurin matar, ina fatan ko ta rage ɗan wani abu a gindin buhu. Ta ce babu, dusar ma awaki sun cinye tuntuni. Da na gaya mata iri ne sai ta miƙe tsaye ta yi mini tatas. Ta ce ita ma 'yar manomi ce, sana'arta ba abin yabo ba ce amma ba ta taɓa jiƙa irin wani ba, da na faɗa mata da ta kore ni da muciya. Ta ce kada in ƙara taka mata gida. Kun ji wanda ya fara hana ni giya, ba malami ba ne, mai dafawar ce. Daga nan na bi duk waɗanda Baba ya taɓa ba su iri. Wani ya ce ya cinye nasa a shekarar wahala, wani ya koma wa irin da ake rabawa, wani ƙanin Inna a Gangara ya ba ni abin da yake kira namu, na shuka ya fito ruwa biyu, ba kamanni ba ƙanshi. Abokan ƙoƙo kuwa ba su yi wata guda ba suka naɗa sabon alƙali.

Yau shekaru sun ja, na bar sha, na yi aure, ni ke noman gonar. Muna samun abin da Allah ya ba mu, ba na raina shi. Amma ina kewar geron nan kamar yadda ake kewar mutum. Duk lokacin tumu sai na ji gidan ya yi mini faɗi. Inna ta tsufa, in aka dama mata fura ta kurɓa ta ce an gode, ta ture kwanon, ba ta taɓa cewa don me ba kuma ba na tambaya. 'Ya'yana ba su san abin da suka rasa ba, in na ba su labari sai su ce ai gero gero ne, in rasa bakin da zan tsawata musu. Abin da ya fi ba ni kunya kuma, in na rufe ido ina neman ɗanɗanonsa, ba furar Inna ke fara zuwa ba, wancan ƙoƙon ne. A gidanmu ni ne na ƙarshe da ya sa na kaka a bakinsa, ga kuma yadda na sa shi.

Na roƙi Allah gafara kuma ina kyautata zato. Abin da na koya shi ne gafara daban, dawo da abu daban. 'Yan uwana samari, ni ban sha har na faɗi ba, ban sayar da gona ba, ban doki kowa ba, shi ya sa na ɗauka ina da wayo. Ku ji tsoron wurin da ake yi muku kirari a kan abin da ba za ku iya faɗa a gida ba, domin wata rana za su nemi ƙari, kuma daga gidan za ku ɗauko. In kun ga tsoho ya liƙe bakin wani abu ya ajiye, ko da kuna ganin tarkace ne, ku tambaye shi kafin ku taɓa.

Tulun yana nan a ɗakina, ban taɓa zuba masa wani gero ba. Har yanzu ranar kasuwa nakan bi layin masu hatsi a Tanout da Belbeji, in ga mai ɗan duhu in ɗauki ƙwaya in tauna, in mayar da hannu aljihu in wuce. Masu awo sun san ni, suna ce mini mai taunawa ba ya saye. Ban taɓa gaya musu abin da nake nema ba.