Baban Awo da Allon Madatsar Ruwa

Shekara ashirin da shida Baban Awo ya yi yana tsaron ƙofar madatsar ruwa. Da sanda mai zane ya fara auna tsayin ruwa, daga nan ma sunan ya bi shi. Daga baya wani malamin fasaha ya haɗa masa ƙaramin allon lantarki mai ƙwaƙwalwa, bai fi tafin hannu ba, wanda ke adana tsayin ruwa kowace sa'a da lokacin da aka buɗe ƙofa. Duk bayan damina yakan ciro allon, ya jona shi da tsohuwar kwamfutar ofis ta wani kebul mai haƙora tara, lambobi su zubo layi-layi, ya kwafe su. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san abu guda sarai: allon na magana ne a hankali, kuma sai an saita kwamfuta a kan irin saurinsa, dubu biyu da ɗari huɗu, kafin su fahimci juna.

A daminarsa ta ƙarshe ruwa ya cinye gonakin da ke ƙasan madatsar. Manoma suka ce sakacinsa ne, ya bar ruwa ya taru sannan ya sake shi gaba ɗaya. Aka kafa kwamiti, aka sa ranar zama. Shi kuwa hankalinsa kwance, domin shaidarsa tana cikin allon. Da ya je ofis sai ya tarar an yi kwaskwarima, an kwashe tsohuwar kwamfutar tare da karyayyun kujeru, kuma babu wanda ya iya faɗa masa inda aka kai ta. Sababbin kwamfutocin da aka kawo ba su da kafar da kebul ɗinsa zai shiga.

Sabon injiniyan ofishin ɗan ƙanwarsa ne, wanda a gida ake kira Auta. Ya zo da laftof da wata adafta mai haɗa tsohon kebul da laftof, ya jona allon. Maimakon lambobi sai wasu baƙaƙe marasa kan gado suka cika fuskar laftof ɗin.

"Kawu, abin nan naka ya haukace," in ji Auta. "Yaren aljanu yake yi."

"Ba hauka ba ne, kai ne ke sauraronsa da gaggawa. Rage saurin."

"Saurin da kowa ke amfani da shi na sa. Wannan allon ai ya girme ni a aiki, ya kamata a ba shi fansho."

"Ranka ya daɗe Injiniya, a gabana aka haife ka, da idona a buɗe. Dubu biyu da ɗari huɗu na ce."

Auta ya yi dariya, ya ce babu mai amfani da wannan lamba tun zamanin da yake firamare, tsufa ne ya sa Kawu ya rikice. Baban Awo ya ce to kada ya taɓa komai, bari ya ɗauko littafin da malamin fasahar ya rubuta masa saitin da hannunsa. Gidansa na bayan ofis, tafiyar minti goma ce zuwa da dawowa.

Ya dawo ya sami Auta yana murmushi. Ashe Auta ya goge ƙwaƙwalwar allon kaf, ya ɗora masa sabon tsari, ga shi yanzu yana rubuta gaisuwa tsaf a fuskar laftof.

"Na gyara maka shi, Kawu."

"Lambobina fa?"

Masinjan ofis, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce bai taɓa jin muryar dattijon ta kai haka ba. Baban Awo ya buga littafin a kan tebur har adaftar ta faɗi ƙasa. "Wata huɗu ina kwana a bakin ruwa. Minti goma na roƙe ka. Takardar digirinka ba ta koya maka jira ba?"

Ƙanwarsa, mahaifiyar Auta, ta zo gida da yamma ta ce, "Yaya, ka rufa masa asiri, aikinsa na farko ne." Ya ce mata nasa kuma na ƙarshe ne. A gaban kwamiti ya faɗi abin da ya faru dalla-dalla, ya ajiye littafin a buɗe a shafin da lambar take. Auta bai musanta ba. Duk da haka rahoton, wanda har yau yana cikin fayil, bai ambaci gogewar ba ko da a layi ɗaya. Abin da aka rubuta shi ne na'urar ta tsufa, ba a iya dogara da ita, kuma mai tsaron ƙofa ya kasa kawo hujja. Wannan ba kuskuren alƙalami ba ne. Duk wanda ya sa hannu ya ji bayanin da kunnensa.

Aka ɗauke shi daga ƙofar, saura wata bakwai ya yi ritaya, aka mayar da shi ɗakin ajiya. Ƙanwar ta daina shiga gidansa. Manoman da ya yi shekaru yana sakar wa ruwa a kan kari, idan sun haɗu a hanya sai su kau da kai. Ko ya buɗe ƙofar a kan lokaci ko ya makara, babu mai iya tabbatarwa yanzu, har da shi kansa, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.