Koriyar Motar Norris Tranter

Duk ƙauyen Wixley, nan bayan garin Coventry, an san Norris Tranter ba ya yarda da mutumin da ya fara yi masa murmushi. In ka ce masa yau rana ta fito, sai ya ɗaga kai ya dubi sama tukuna, sannan ya amsa maka, shi ma a daƙile. Matarsa Mavis takan ce ba haka ta aure shi ba. Tun yana saurayi yake ɗinkin kujerun fata a wata masana'antar ƙera motoci, kuma a lokacin har waƙa yake yi a bakin aiki. Wata rana manyan wurin suka tara ma'aikata, aka raba shayi da biskit, aka ce kowa ya kwantar da hankalinsa, babu abin da zai taɓa aikinsa. Ba a jima ba suka zo da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Tun daga ranar, in aka yi wa Norris fara'a, sai ya fara tunanin abin da ake shirin raba shi da shi.

Abin da ya rage masa daga wancan zamani mota ce. A rumbun wani manomi ya tsince ta, kaji suna ƙwai a kan kujerunta, tana cikin irin waɗanda masana'antarsu ta ƙera kafin ta mutu. Shekaru ya yi yana tada ita a garejin bayan gida. Koriya ce mai duhu, gajera har kamar cikinta zai taɓa ƙasa, ga dogon hanci, kujera biyu kacal, rufin tamfol da ake naɗewa, ƙafafunta masu wayoyi kamar na keke. In ya tayar da ita, tun daga kwanar coci ake jin gurnaninta.

A bikin ƙauye na bazara masu shirin talabijin suka gan ta. Suna neman motar da jarumin sabon shirinsu zai riƙa shiga, wani lauya ɗan gayu mai farautar masu laifi a karkara. Norris ya bar su tsaye a ƙofar gida har ƙafafunsu suka yi sanyi, sannan ya gindaya musu sharaɗi: za su ɗauki motar, amma babu mahaluƙin da zai tuƙa ta sai shi. Suka amince nan take, abin da ya ƙara sa shi zargin su. Haka aka yi ta yi. In za a nuno motar daga nesa tana sheƙa gudu tsakanin gonaki, Norris ne a ciki sanye da hular jarumin da kwat ɗinsa. In kuwa fuska ake so, sai a ɗora motar kan tirela a ja, jarumin yana juya sitiyari yana murmushi. Duk daren Lahadi rabin ƙasar na gaban akwatin talabijin, mata suna mutuwar son lauyan, maza suna mutuwar son motar.

Jarumin, Julian Carstow, dogo ne mai lallausar murya, furfura ta fara tsatso masa a gefen kunne. Shi kaɗai ne a cikin masu shirin da bai taɓa gunaguni kan sharaɗin Norris ba. Hasali ma in wani ya ce ai a bar Julian ya ɗan ja ta, shi ne yake fara cewa, "Haba, a bar wa Mista Tranter motarsa, shi ya san halinta." Yakan kawo wa Norris shayi da hannunsa, ya tambaye shi lafiyar gwiwa. Norris ya karɓa, ya shinshina, ya sha yana kallonsa ta saman kofi.

"Mutumin nan akwai abin da yake nema," in ji shi ga Mavis.

"Kai dai kowa akwai abin da yake nema. Ci abincinka kafin ya huce."

A shekara ta huɗu aka canza darakta. Sabon, matashi mai gashi har kafaɗa, ya ce ya gaji da wasan tirela, masu kallo ba yara ba ne. Yana so a ga Julian da fuskarsa ya taho da motar tun daga gada, ya sha kwana, ya tsaya cak a ƙofar coci, ba tare da an yanke hoton ba. Norris ya ce faufau. Darakta ya ce to za a nemo wata motar. Norris ya kwana biyu yana tauna maganar, ya ga dai ba zai iya zama ya kalli motar wani a gurbin tasa ba, ya ce ya yarda, sau ɗaya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne fuskar Julian lokacin da aka gaya masa. Mutumin ya yi fari fat, ya ajiye kofinsa, ya fita.

Daga nan al'amura suka fara sauyawa. Julian ya riƙa zagayen motar shi kaɗai, yana leƙa ƙarƙashin sitiyari. Ya tambayi Norris ko nesa ne daga masaukinsu zuwa Wixley. Ya tambaye shi wace rana yakan fita kamun kifi. Norris ya ce Alhamis, kalmar na fita daga bakinsa ya ciji leɓe. A ranar ya sayo sabon kwaɗo ya ƙara wa gareji.

Maƙwabciyarsu Edna Pym ce ta kunna masa wutar sosai. Tsohuwa ce da labulen tagarta ba ya taɓa rufuwa duka. Ta tare shi a bakin shinge yana aske ciyawa.

"Norris, ashe kun zama manya! Baƙo daga talabijin, har gida."

"Wane baƙo?"

"Au, ba ka sani ba? To ni ban ce komai ba. Ni dai na ga wani dogo, ya ja hula har hanci, ya shiga motar ƙwan Mavis ranar Alhamis. Da wadda ta wuce ma. Ƙila ƙwai yake saye. Amma ƙwan da ake zuwa saye da turare haka, ban san irinsa ba."

Mavis tana da tsohuwar motar ɗaukar kaya mai rufaffen baya, da ita take kai ƙwai shaguna. Lokacin yaƙin duniya motar asibiti ta tuƙa, ana ruwan bama-bamai a Coventry, kuma ko a yanzu da ta haura hamsin, in ta yi dariya sai an waiga. Norris bai taɓa tunanin wani zai waiga da wata manufa ba sai ranar. Ya shiga gida ya zauna ya zuba mata ido. Ya ga ta gyara gashi. Ya ji tana ɗan waƙe-waƙe a wurin wanke-wanke. Da ya tambaye ta ina ta je ranar Alhamis, ta ce, "Kai ƙwai mana, ina kuma?" ba ta ko juyo ba. Ya rasa wanne ya fi ci masa rai, a ce motar ake so a sace masa ta hannun matarsa, ko matar ake so a sace ta hanyar motar.

Alhamis na zuwa ya ɗauki fatsarsa da gorar shayi, ya yi sallama da ƙarfi yadda Edna ma za ta ji. Ya zaga ta bayan lambu, ya jingine fatsar a jikin bishiya, ya buɗe bayan motar ƙwai ya shige, ya takure tsakanin kiret-kiret, ya ja buhu ya rufa. Allon katako ne ya raba shi da kujerun gaba, ba ya ganin komai, amma yana jin komai.

Mavis ta shigo ta tayar da mota. A mararraba ta tsaya, ƙofa ta buɗe, ƙamshin turare ya cika wurin. Muryar da duk ƙasar ta sani ta ce, "Misis Tranter, ban san da bakin da zan gode miki ba. Kin tabbata bai sani ba?"

"Yana can yana zargin kifi," in ji Mavis.

Suka yi tafiya mai ɗan nisa, hanya ta koma gargada, sannan ta yi sumul. Norris ya gane wurin, tsohon filin jiragen yaƙi ne da ciyawa ta cinye, inda ba kowa sai zomaye. Mota ta tsaya. Ya ji ƙofofi sun buɗe sun rufe.

"To, saki jikinka," in ji Mavis. "Ka ga yadda kake rawar ɗari? Kawo hannunka nan. Ba nan ba, nan. Yawwa. A hankali dai, ba faɗa ba ne."

"Tsoro nake ji."

"Wancan makon ma haka ka ce, kuma ka yi ƙoƙari."

Norris ya yunƙura zai miƙe, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Kafin ya gama ɗagowa motar ta yi wani irin kuka, ta zabura gaba kamar an tsikare ta, ta yi tsalle irin na kwaɗo, ta sake yin wani, sannan aka taka birki da ƙarfin tsiya. Norris ya tafi da ka ya daki allon, kiret ɗin sama ya biyo shi, na bayansa ma ya biyo. Injin ya mutu. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ƙwai.

Mavis ce ta buɗe ƙofar baya. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon mijinta, gwaiduwa na bin kunnensa.

"An kama da yawa, kifin?"

A bayanta Julian Carstow ne tsaye, hula a hannu, gumi ya jiƙe masa riga. Ta ɓangaren direba ya fito.

"Mista Tranter, ban iya tuƙi ba," in ji shi. "Ban taɓa iyawa ba. A London na tashi, bas da jirgin ƙasa na sani. Ranar da masu shirin suka gwada ni don aikin nan suka ce ka iya mota, na ce tun ina yaro. Ina cikin yunwa a lokacin, da doki suka ce ma sai in ce na iya. Sai kuma Allah ya kawo ka da sharaɗinka, ka rufa mini asiri duk shekarun nan ba ka sani ba."

Norris ya share fuska da buhu. Ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Shi ya sa kake kawo mini shayi."

"Da farko, i. Daga baya kuma na saba."

"Ke kuma me ya hana ki gaya mini?"

"In gaya maka, ka je ka tsaya gaban darakta ka ce mutumin da bai iya tuƙi ba ba zai taɓa motarka ba? Ka kashe masa aiki a yini ɗaya? Na san ka, Norris."

Shi ma ya san abin da zai yi ke nan. Can kuma ya ƙanƙance ido. "Ko dai kun san ina ciki, kuka shirya mini wannan wasan? Shi ai sana'arsa ce."

"Shi bai sani ba. Ni kuwa tun a gida na ga dugaduganka sun leƙo daga ƙarƙashin buhu. Na ce bari dai ka zo ka ji da kunnenka, ko ma huta."

Ranar ɗaukar hoton Norris ya zo da sabon sharaɗi: zai kwanta a gurbin ƙafar fasinja, a lulluɓe shi da bargo, hannunsa a kan birkin hannu. Darakta ya ɗauka taɓin hankali ne irin na masu tsofaffin motoci, ya ƙyale shi. Zuwan farko Julian ya taho kamar mai rakiyar gawa, darakta yana ihu a ƙara wuta. Zuwa na biyu ya taho daidai, amma suna isa kwana Norris ya ga kamar katangar coci ta taso musu, ya finciko birki, motar ta juya ta ba kyamara baya. Aka sha zagi. Kafin na uku Mavis ta ratso cikin 'yan kallo, ta sunkuya ta ɗaga bargon ta ce, "In ka sake taɓa abin nan, a gareji za ka kwana har Kirsimeti." Ya rungume hannuwansa, ya runtse ido. Julian ya taho, ya sha kwanar, ya tsaya a ƙofar coci, ya fito yana gyara kwat kamar a cikin motar aka haife shi. Babu wanda ya san komai sai su uku.

Shirin ya ƙara shekara biyu aka daina. Norris bai canza hali ba. Har ya tsufa, in aka ambaci Julian yakan ce mutumin kirki ne, amma wanda ya iya yaudarar ƙasa guda ba a sakin jiki da shi. Mavis kuwa daga nan matan Wixley suka fara zuwa a ɓoye tana kai su filin jirgi tana koya musu tuƙi, har Edna Pym, wadda ta koya a makare ta kuma fi kowa gudu. Da idon Norris ya raunana, masu son sayen motar suka yi ta zuwa daga nesa, yana korar su ɗaya bayan ɗaya, wani don ya cika yabo, wani don bai yaba ba. A ƙarshe 'yarsu da ke aure a Leeds ta ɗauke ta.

Cikin hunturu Norris ya rasu. Julian ya zo jana'iza a jirgin ƙasa, kansa fari tas, yana dogara sanda. Bayan an watse suka zauna a kicin, ya gaya wa Mavis cewa tun ranar cocin nan bai sake tuƙa mota ba, kuma ba ya kewarsa. Ta yi dariya har da hawaye, ta zuba masa wani shayin, suka yi ta hirar mamacin har aka kusa rasa jirgin yamma. Ita ta kai shi tasha.