Jan Idon Kaka Hure

A gidanmu na Katuru, tsakanin magariba da isha'i ake tatsuniya, kafin a kwashe tuwo. Kakata Hure, mahaifiyar babana, takan zauna kusa da murhu amma ta ba hayaƙi baya saboda idonta na hagu. Fatar ƙasan idon ta juye waje, jan cikinta a fili kamar ɗanyen nama, hawaye na bin kuncinta ko da dariya take yi. Kuncin ma ya tattare, yana sheƙi. Mu jikoki mun saba. 'Ya'yan maƙwabta ne ke raɓewa nesa, har sai ta ce, "Ku matso mana, ni ba ni da muryar shela."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta Hasbiya. Wai gobara ta kama daji, kowane tsuntsu ya tsere da ransa, sai Hasbiya ta tuna 'ya'yanta na cikin sheƙa. Ta koma cikin wutar ta ɗauko su ɗai-ɗai. Ko da ta fito, gefen idanunta ya yi jawur. Washegari ta je tafki shan ruwa, tsuntsaye suka watse. Hankaka ya ce, "Jini ta sha, ku dubi idonta." Nan Kaka ta goge kunci da bakin zane, ta ce, "To mi Hasbiya za ta ce? Wa zai tsaya shi ji ta?"

Ba mu ji ƙarshenta ba. Maƙwabciyarmu Asabe, wadda autanta ke kwance da zazzaɓi, ta faɗo gidan ba sallama, ta fizgi 'yarta daga cikinmu.

"Hure, ki sakar mini kurwar ɗana! Duk gari an san abin da wanga ido naki ke ci!"

Shekarata tara a lokacin. Matar da ke ɓoye mini ƙanzo ce aka kira mayya a gabana. Kaka kuwa itace kawai ta tura cikin wuta.

Yaron ya warke a asibitin Shinkafi, amma ba wanda ya zo ban haƙuri. Kaka ta daina zuwa suna da biki, ta koma rufe rabin fuskarta. Ta gwada man shanu, ta gwada kwalli. Wani mai magani daga Zurmi ya ba ta hayaƙi, idon ya kumbura mako guda. Da jan idon nan ta koma ga Mahaliccinta.

Bayan na yi aure a Ƙaura Namoda, Baba ya tsufa, fatar idonsa shi ma ta saki ta juye. Na kai shi wurin likitan ido a Gusau. Likitan ya ce tsufa na kawo haka, ko shanyewar ɓarin fuska, ko tabon da ya ja fata. Ya ba shi maganin ɗigawa da na shafawa don kada idon ya bushe, daga baya aka yi masa ƙaramin aiki aka ɗaure fatar. A ranar aka sallame mu. Kafin mu fita na kwatanta wa likitan idon Kaka.

"Ya yi kama da tabon wuta," in ji shi. "Akan yanko 'yar fata daga bayan kunne a dasa wurin, sai fatar idon ta koma mazauninta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

A mota Baba ya ce, "Ina jinjiri ɗakinmu ya kama wuta. Ita ta shiga ta ɗauko ni, jinka ta faɗo mata a fuska."

"Baba, kun san haka kunka bar Asabe ta ci mutuncinta?"

"Ta hana ni. Ni na ɗanta na fari. Ko sunana ba ta faɗi, balle ta tsaya gaban jama'a ta ce don ni ta ƙone."

Na yi kuka har muka shigo Ƙaura. Ba Asabe kaɗai nake jin haushi ba. Mu ma da muke sonta, kullum muna kallon fuskar nan, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya same ta, ba wanda ya yi tunanin ciwo ne mai magani. Sabo ya rufe mana baki kamar yadda tsoro ya buɗe na Asabe.

Kwanan baya a kasuwar Shinkafi na ga wani dattijo mai sayar da igiya, idonsa irin wannan, mutane na ciniki suna kau da kai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wanga ido ana gyara shi a asibiti."

Ya dube ni, igiya a hannu.

"'Yata," ya ce, "shekara goma sha, ke ce ta farko da ta dube shi ta yi mini magana."