Kawu Isuhu da Aladun Bakin Lagin

Duk wanda ya san marigayi Kawu Isuhu a unguwar Treichville ya san ba ya fita lambu sai da takalmin roba har gwiwa, safar hannu biyu ɗaya kan ɗaya, da buta rataye a kafaɗa. Ka ce, "Alhaji, ina zuwa?" Ya ce, "Yaƙi." Ba ya ƙara ko kalma.

Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, "Uwata" yake kirana don sunan kakata aka sa mini. Abin da ya same ni shekaranjiya ne ya sa nake rubutun nan. Zan zo wurin.

Da ya bar cinikin goro a kasuwar Adjamé, sai ya share wani fili a bakin lagin, wato babban tafkin da ke bayan unguwar Belleville, ya shuka rama, yakuwa, lalo da zogale. Duk matar da ta yi marmarin miyar gida wurinsa take aike. Sai ga aladu! Na wani ne da ya tashi ya bar su, suka hayayyafa cikin ciyayi, ba mai su, ba mai tsawata musu. Shugabarsu wata baƙar ƙatuwa ce mai yagaggen kunne, Kawu ya raɗa mata Madam.

Ya sayo mushen amalanke, ya sa mai walda ya mayar da shi keji mai ƙofar da ke faɗowa. Saura abin da zai ja su ciki. Aka ce ya zuba aceke mai kyau, wato dambun rogon da ake ci a nan.

"Aceke? Ni ban ƙoshi ba in ciyar da kafirin dabba?"

Ya hau gbaka, motar hayar nan, har Adjamé ya roƙo ruɓaɓɓiyar ayaba wurin 'yan sari, har yana zaɓe. Wata mai sayar da ayabar ta ce, "Papa, shara ce fa!" Ya ce, "To sharar ma ba ki da mai ɗan kyau?" Aladu suka shinshina, suka wuce suka cinye masa lalo. Da baƙin ciki ya koma ga aceke. Yana zubawa yana cewa, "Ku ci, Allah ya isa."

Ranar da tarkon ya fara kamu, wayyo! Kawu ya zagaya kejin yana kabbara, sannan ya tsaya cak. Ba zai taɓa ba, ba zai yanka ba, ba zai sayar ba. To ya za a yi? Sai aka kira maƙwabcinmu Tonton Kwasi, Kirista ne, ya zo da igiya ya tafi da aladen. Da yamma ga Tonton a ƙofar gida da kwano a rufe, yana murmushi.

"Alhaji, a garinmu mai tarko shi ke da cinya."

Wallahi ban taɓa ganin tsoho ya tsallake benci haka ba! Daga bayan ƙofa yake ihu, "Kwasi, mun yi shekaru muna zaman lafiya! Me na yi maka?" Tonton ya ce bai iya cin haƙƙin mutum ba. Suka yi ta ja har aka daidaita: a madadin cinya, Tonton zai riƙa taya shi ban ruwa.

Liman ma, ganin yadda yake sheƙa wanka duk sanda ya dawo daga wurin aladun, ya taɓa ce masa, "Alhaji, rage wahalar wankan nan. A mazhabarmu dabba mai rai ba najasa ba ce, ko da wannan ce." Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, kai a littafi ka gan shi. Ni na ji warinsa."

Ya kama da yawa, amma Madam ta gagare shi. Har a gadon asibiti abin da yake tambaya ke nan: "Uwata, ta shiga?" In ce ba ta shiga ba. Ya ce, "Shegiya, ta yi boko."

To, shekaranjiya da safe na je ban ruwa, don tun rasuwarsa ramar ta fara langaɓewa. Ina sunkuye na ji huci a bayana. Madam ce da 'ya'yanta! Na jefa mata bokiti, ta yo kaina. Ban san sanda na rarrafa cikin kejin ba, ƙafata ta taɓa igiya, ƙofa ta faɗo, garam! Ni a ciki, ita a waje. Ta yi ta dukan ƙarfen da kai, ina jin numfashinta a fuskata, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Da ta gaji, ta juya ta cinye yakuwa a kan idona, a tsanake.

Tonton Kwasi ne ya same ni. Ya ce, "Yako, sannu, 'yata," sai dariya ta kayar da shi ƙasa. Na ce, "Tonton, buɗe mana!" Ya ce, "Tsaya in huta. Da Alhaji na nan, yau da sai ya yi walima."

Kafin ya ɗaga ƙofar ne na lura da abin da ba a gani daga waje. Duk wani tsinin waya da bakin ƙarfe a cikin kejin nan, Kawu ya naɗe shi da robar taya, ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane ban samu ba. Na nuna wa Tonton. Ya daina dariya, ya ce, "Ni na riƙe masa almakashi. Ya ce a kama su dai, amma kada a ji musu ciwo, su ma ba su suka yi kansu ba. Ya hana ni faɗa."

Rabin lambun ya tsira. Gobe za mu sake ɗana tarkon ni da Tonton.

Ya Allah, bawanka Isuhu ya tausaya wa abin da ko taɓa shi ba ya iya yi. Ka tausaya masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa shi a lambun da ba mai yi masa ɓarna. Amin.