Leda Biyu da Rawar Godiya

Shekarun baya, lokacin da na haifi 'yata ta fari a Kafanchan, na zubar da jini sosai. Zafin ma ba na tuna shi. Abin da nake tunawa shi ne fankar ɗakin tana juyawa a hankali, da muryoyin mutane can nesa kamar ana magana a ƙetaren rafi, da wata roba mai faɗi da nas ta jawo daga ƙarƙashin gado ta fita da ita da hannu biyu. Na ga abin da ke ciki. Ni boko a aji huɗu na tsaya, amma idona ba ya wuce abu.

Da na farfaɗo sai na ga leda rataye a jikin ƙarfe, girmanta kamar na fiya wata, jini yana saukowa ɗis, ɗis, yana shiga hannuna. Leda biyu aka ƙara mini. Ɗaya ta yayar mijina ce, wadda ta hau mashin daga ƙauyensu can wajen Samaru Kataf, ta iso da ƙasar gona a ƙafarta. Ɗayar kuwa har yau ban san mai ita ba. A kan gadon nan na yi wa Ubangiji alkawari. Na ce, Baba, in ka tashe ni, zan shiga coci da rawa tun daga bakin ƙofa har gaban bagadi, yarinyar nan a hannuna, matan zumunta suna bayana. Haka ake godiya a wajenmu.

A kan gadon nan kuma na yi wani tunani ni kaɗai. Roba cike ta fita, leda biyu sun shiga. Ke nan duk jinin da ya rage a jikina fiya wata biyu ne. Ban tambayi kowa ba. Wa ke tambayar abin da ya gani da idonsa?

Godiyar ba ta yiwu da wuri ba. Da farko jikina ba ƙarfi, daga baya aka yi mana rasuwa, sai kuma damina ta kwashe kowa zuwa gona. Ina shayarwa, wata goma sha ɗaya ban ga al'ada ba, hankalina a kwance. Wata safiya ina jan ruwa a rijiya sai na ji ta dawo. Guga na saki, igiya ta bi shi.

Daga ranar na zama kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa a hanya mai santsi. Duk wata in baƙon ya zo, kwana biyar nake yi a kwance, ƙafafu a kan filo. Atishawa ma sai na matse ta. Mijina yana kabu-kabu a hanyar Gidan Waya, in ya tambaya sai in ce kaina ne ke ciwo. Akwai wata 'yar huda a kwanon rufinmu, haske yana saukowa ta ciki kamar farin zare. Shi nake kallo, daga bango ya sauko tabarma, daga tabarma ya hau akwati, yini ya ƙare. Ina kallonsa ina ganin ledojin nan biyu rataye a cikin ƙirjina, suna ɗiga. Wani lokaci in ga ɗaya ta kai rabi. Sai in shiga tunanin wa zai yi wa 'yata kitso, wa zai san cewa ba ta shan kunu sai ya huce sarai. Ita kuwa lokacin tana koyon tafiya. Takan dafa bakin gado ta kama yatsana ta ja, tana so in tashi mu zaga tsakar gida. Sai in zare yatsan a hankali. Wannan ne ya fi komai ci mini rai. Marata kuma, duk kwanciyar nan, murɗa take yi kamar ana matse wanki.

Ana haka uwar zumunta ta tashi a coci ta sanar da ranar godiyata, Lahadi ta biyu a watan da ruwa ke ɗaukewa. Aka yi tafi. Ni kuwa ina zaune ina ƙirga kwanaki a yatsuna ƙarƙashin gyale. Ranar Jumma'a baƙon zai zo. An riga an ɗaga sau biyu, an aika wa dangi, babu bakin da zan sake cewa a ɗaga. Ko dai in karya alkawarin da na yi wa Allah, ko in yi rawa sauran jinin ya tsiyaye a gaban jama'a, in bar yarinya ba uwa.

Bai saɓa ba, Jumma'ar ya zo. Da yamma yayar mijina ta iso da buhun acca a ka. Asabar da sassafe ta gama shara, ta ɗora ruwa, ta leƙo ɗaki ta same ni yadda ta bar ni jiya.

"Matarmu, lafiya? Gobe godiya, ke kina kwance kamar doya a rumbu?"

"Kaina ne, Yaya."

"Kai ne ke ciwo, ƙafa ce a kan filo?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na gaya mata komai: robar, ledojin, ɗigar da nake gani. Ba ta yi dariya nan take ba. Zama ta yi a bakin gado, ta dube ni, ta dubi filon. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ta dariya har 'yata ta kama, ita ma tana ƙyalƙyalawa ba ta san dalili ba.

"Wayyo Allah, matarmu! To ni fa? Leda guda suka ɗiba a jikina, suka ba ni lemon kwalba ɗaya. Bayan sati ina gonar citta. Kowane wata ni ma ina ganin nawa, tun ba a haife ki ba. Da ba ya dawowa, ai da tuni na bushe kamar kuɓewar shanya." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Rijiyar nan taku, jiya ba ku ɗiba ba? Yau kin ji an ce babu ruwa?"

Na ce ai rijiya daban, mutum daban.

"To bari in gaya miki. Jinin da ke jikinki nawa ne. Jinin nan ya saba hawa dutse da itace a ka. Kin kwantar da shi kamar matar gwamna, shi ya sa yake murɗa miki mara, haushi yake ji. Tashi. Ki sa sabuwar auduga, za mu je wajen Mama nas ta gaya miki da bakinta. Kuma da ƙafa za mu je."

Mama nas tsohuwa ce a cocinmu. Ibo ce, a Kafanchan aka haife ta, babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ta auri mutumin Kagoro. Ta daɗe da barin aikin asibiti. Ita ke buga babban tulu a zumuntar mata. Gidanta yana can bayan tsoffin kwatas, in an bi layin dogo ba a ɓata.

Yaya ta goya yarinyar, ta sa ni a gaba. Na fita ina tafiya kamar wadda aka ɗaure wa gwiwoyi. Raɓa ba ta bushe ba, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan layin tana shafar ƙafata da sanyi. Na riƙa taka katakon layin ɗaya bayan ɗaya, ina jira in ji abin da zai faru.

"Yaya, duba bayana."

"Babu komai sai fulawar zaninki."

Muka ƙara gaba kaɗan. "Yaya, duba."

"Babu."

A karo na uku sai ta ce, "Akwai." Na tsaya cak. "Akuya ce take bin ki tun ɗazu."

Da na yi dariya sai na tuna ban matse ba. Kuma ban mutu ba.

Daga nan ban san yadda tafiyar ta canza ba. Na ɗaga kai. Dutsen Kagoro yana can gabanmu, gajimare ya ɗaure masa ƙugu kamar farin zani. Ganyen citta a gonakin gefen layi ya fara ja da baya, ƙanshinsa yana haɗuwa da na jiƙaƙƙen ƙarfe. Wasu mata suka wuce mu da kwandunan masara, muka gaisa, muryoyinsu suka yi ta raguwa a bayanmu kamar waƙar da ake ji daga wata unguwa. Ƙarafan nan biyu suna tafiya, suna tafiya, har can nesa suka zama ɗaya. Wani ɗumi ya taso daga tafin ƙafata ya hau cinyoyina ya zauna a marata, ƙullin da ke wurin ya fara warwarewa a hankali kamar gishiri a ruwa. Na nemi ledojin nan a ƙirjina in ga inda suka kai. Na kasa ganin su. Rijiyarmu nake gani da asuba, ruwan ya taso, sama tana kwance a cikinsa.

Mun sami Mama nas tana tsinkar ganyen ugu a bayan gida. Yaya ta ba ta labari, har da ƙarin gishiri. Mama ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu, ta jawo fatar idona ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannuna.

"Sau nawa kina canja auduga a yini?"

"Uku, Mama. Wani lokaci huɗu."

"Jiri fa?"

"Sai in na daɗe a kwance na tashi."

"To wa ya aike ki kwanciya? Yarinyata, jikinki kicin ne, kullum yana dafa sabon jini. Wancan na leda tuni ya gama aikinsa ya tafi."

"Haba Mama," in ji Yaya, "kar ki ɓata mini magana. Nawa ne!"

"To, naki ne, mun ji." Ta juyo gare ni. "Saurara. Ranar da kika ga auduga tana jiƙewa kafin awa ɗaya, ko jiri yana neman kayar da ke, ki tafi asibiti, kar ki jira kowa. In ba haka ba, yi tafiya, yi aikinki, yi rawa daidai ƙarfinki. In kin gaji ki huta. Ki ci ganye, ki ci wake." Ta cika mini hannu da ugu. "Gobe zan buga miki a hankali. Ki bi tulu kawai."

Ranar Lahadi na tsaya a bakin ƙofar coci da yarinya a hannu, matan zumunta a bayana cikin ankonsu. Duk maganganun jiya suka gudu suka bar ni. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Mutane sun juyo suna kallo, mijina yana can gaba yana gyara wuyan riga. Sai na ji numfashin Yaya a kunnena.

"Ina bayanki, matarmu. Taka."

Tulu ya yi magana. Dum. Shiru. Dum. A hankali, kamar bugun zuciyar mai barci. Na taka ɗaya. Na taka biyu. Matan suka ɗauki waƙa, caki ya shigo, hanyar tsakiyar cocin ta miƙe a gabana doguwa kamar layin dogon jiya. Hasken taga yana faɗowa a kan kawunan mutane, fuskokinsu suna wucewa ta gefena kamar ina cikin jirgi. Ban san lokacin da Mama ta ƙara sauri ba, ban san lokacin da ƙuguna ya amsa ba. Na sunkuya, na taso, na juya. 'Yata tana ta buga mini kumatu da tafin hannunta tana ihu. Da na durƙusa a gaban bagadi zufa ta jiƙe ni sharkaf, ƙirjina yana bugawa da ƙarfi, a cike. Fasto yana addu'a, ni kuwa abu ɗaya nake ta maimaitawa a zuci: Baba, ga ni, na kawo.

Ana tashi na zaga bayan coci na duba. Babu abin da ya wuce na kullum. Na dawo na sami Yaya tana raba gwaten acca.

"Yaya, kin duba bayana kuwa lokacin rawar?"

"Ko sau ɗaya," in ji ta. "Ina kallon jinina yana rawa, ina zan ga zani?"

Waɗanda suka san ni sun san har yanzu ni mai fargaba ce. Yaro ya yi tari sau biyu, na fara neman takalmi. Wannan bai bar ni ba. Amma na gane ba jinin ne ya kwantar da ni watannin nan ba, shirun da na yi ne. Tambaya ɗaya ce, da na yi ta tun a gadon asibiti, da ban zare yatsana daga hannun 'yata ba lokacin da take koyon tafiya. Wannan kam ba ya dawowa kamar ruwan rijiya.

Yanzu in baƙon ya zo, da sassafe nake fita in bi layin dogo. Ba gudu nake yi ba, tafiya ce kawai, har in ji ɗumin nan ya taso. Wani lokaci 'yata takan bi ni. Ta yi tsawo, ta kusa kai kafaɗata, kwanan nan zan zaunar da ita mu yi maganar nan tun kafin ta yi nata tunanin ita kaɗai. Takan wuce gaba tana tsallake katako biyu-biyu, sai ta juyo ta miƙo hannu ta ce, "Mama, yi sauri mana." Ni kuma in ba ta yatsana, in bar ta ta ja.