Jar Fitilar Malam Davlatnazar

Shekara talatin da shida ke nan Malam Davlatnazar yana riga kowa isa makarantar ƙauyenmu. Ya hura murhun aji da busasshen kashin shanu, ya goge allo, sannan ya zauna da kofin shayinsa mai gishiri yana jiran yara. Watan gobe zai ajiye alli. Masu yabon aikinsa na aji suna da yawa, ni kuwa maganar rufin gidansa ce ta sa na ɗauki biro.

Gaskiya da can ba mu yarda da shi ba. Mutum yana zaune a bakin kogin Panj, tsallake ƙasar wasu ce, amma duk daren da babu farin wata sai a hango shi kan rufi da wani ƙaton bututun hangen nesa da ya harhaɗa da kansa, ga 'yar fitila da ya ɗaure wa jan ƙyalle a baki. Ta haska, ta mutu, ta sake haskawa. To wa yake yi wa ishara? A gidan niƙa aka yanke cewa masu fasa-ƙwauri ne. Matarsa Gulbegim ta daina zuwa biki, don da ta shigo sai hira ta tsaya cak. In an tambaye shi sai ya ce wai wasu garkunan taurari biyu ne a bayan taurarin da muke kira 'Yan'uwa Bakwai, ya yi hunturu uku yana lalube kafin ya same su. Wannan amsar ma zargi ta ƙara mana. Haba, wane mai hankali zai bar bargo saboda tauraro?

Shodmonbek, shugaban ƙauye, ya rubuta takarda zuwa gunduma a cire malamin daga makaranta a kuma ƙwace bututun. Mutane suka sa hannu. Kafin ya aika, sai ya ce bari ya kama shi dumu-dumu. Wani dare ya hau tsanin rufin Malam yana haska fitilar wayarsa.

"Malam, yau dai sai ka nuna mini mutanen naka."

Malam ya matsa masa. Shugaba ya leƙa bututun, ya ce shi bai ga komai ba sai baƙi, dama ya san a rina. Malam ya roƙe shi ya kashe wayar, ya ajiye ashanarsa, ya zauna minti ashirin ba haske.

"Wato in zauna a duhu, naka su samu su tsallako?"

"Shugaba, fuskanci kogin ka yi gadi. Wuta kawai na hana ka."

Haka suka zauna, sanyi yana cin su, shugaba yana ta tsaki. Malam ya faɗa masa farin haske yana kashe wa ido ganin dare, ja kuwa ba ya kashewa, shi ya sa yake duba taswirarsa ta taurari da jar fitila. Da lokaci ya cika ya ce ya sake leƙawa, amma kada ya zuba ido tsakiya, ya kalli gefe kamar mai satar kallo. Shugaba ya ce ai satar kallo sana'ar marasa gaskiya ce. Duk da haka ya gwada.

Sai ga su. Ɗaya kamar ƙwai, ɗayan siriri kamar ƙwayar sha'ir, suna kusa da juna, dishi-dishi. Malam ya ce kowanne garke ne na taurari da ba sa ƙirguwa, kuma hasken da ke shiga idonsa ya yi shekara miliyan goma sha biyu a hanya. Shugaba ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa masa, ya sauka ko sallama babu.

Malam, kai ne ka karanta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya da jar fitilarka. Kai ne washegari ka hura murhun aji da takardar, 'ya'yan masu sa hannun suka ji ɗumi. Ba ka taɓa canza wa kowa fuska ba. Mai haƙurin jiran duhu, yau rabin ƙauyen nan sun hau rufinka, har da masu cewa ƙafarsu ba za ta taka gidanka ba.

Jama'a, wanda ya ga maƙwabcinsa yana abin da bai gane ba, ya hau tsanin ya tambaya kafin ya nemi biro. Ni na san abin da nake faɗa, kuma har yau ina jin kunyarsa. Malam, ka koyar da 'yata Nozanin shekara shida bayan wannan dare, ka kai ta har jami'a, alhali ka ga sunana shi ne na uku a takardar. Na gode, kuma ka yafe mini.