Robar birkin da na zaɓa wa Baba

Jiya ɗana yake min bayani wai keken tserensa wilin kabon gare shi, irin na zamani mai tsada, ba ya son robar birki mai araha. Na miƙa masa kuɗin, raina ya koma Haɗeja, farkon shekarun casa'in.

Baba bandar kifi yake ɗaukowa a keke daga Guri. Wata rana ya ba ni kuɗin roba mai kyau, ya aike ni wurin Malam Garba mai gyara. Malam Garba ya gargaɗe ni cewa mai arahar ba ta kamawa in wili ya jiƙe. Na ce ita zai sa. Canjin na sha taba da shi.

Da damina ta sauka, Baba ya gangaro jingar bakin kogi da kwando biyu, ya matse birki, keke ya ƙi tsayawa. Ƙugunsa ya karye, bai sake hawa keke ba.

Duk wanda ya zo dubiya, sai Baba ya ce Garba ne ya cuce shi. Masu kifi suka daina kai masa gyara.

Na sami Malam Garba a rumfarsa shi kaɗai. "Malam, me ya hana ka faɗa masa ni ne?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ya rasa ƙafa, so kake ya rasa ɗa kuma? Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi, ban kuma taɓa faɗa wa Baba ba. Yau su biyun suna ƙasa. Ku gaya min, wurin wa zan nemi yafiya?